Shekarar da Na Mayar wa Kawu Goronsa

Fuseini da Fuseina, ƙannena, ku ajiye wayar Mma ku saurara, don saboda ku na zauna rubuta wannan. Shekarata goma sha bakwai yanzu, na tsufa, bayana har ƙara yake yi idan aka ce in ɗauko tsintsiya, kuma ba na so in bar duniya kuna jin labarin nan daga bakin mutanen da ba sa wurin. A Salaga an gaya muku wai na jefi Kawu Seidu da goro. A Yendi wai na zage shi. Kafin labarin ya isa Bawku har an ce na kore shi daga gidanmu da taɓarya, yana gudu babbar rigarsa tana kaɗawa. Duk ƙarya ne. Da hannu biyu na miƙa masa goron, a durƙushe, kaina a ƙasa. Dalilin miƙawar ne ba wanda yake faɗa, ku kuma lokacin shekarunku biyar, ba abin da kuke lura da shi sai bakin tukunya.

Daga gwiwar Baba maganar ta faro. Gonarmu ta doya tana bakin kogin Daka, tafiyar awa ɗaya da rabi a babur idan hanya ta yi kirki, idan ba ta yi ba kuwa gara ka nemi gafarar iyalinka kafin ka tashi. Ana haƙar sabuwar doya a tsakiyar damina, a jera ta a ƙarƙashin babbar rumfar ciyawa, ta jira motocin Kumasi. Da an gama haƙa masu aiki suke komawa ƙauyukansu. Ba mai zama a wurin, don sauron bakin Daka idan suka haɗa kai suna iya ɗaga mutum su kai shi wani gari. Shi kuma Daka ba ya sallama. Yau yana kwance kamar mutumin kirki, gobe yana cikin rumfarka yana lissafa doya. Shi ya sa duk bayan kwana biyu Baba yake hawa babur ya je, ba don komai ba sai don ya kalli ruwa ya dawo. A daminar da ta gabaci wadda nake ba ku labari, babur ya zame da shi a cikin taɓo, gwiwarsa ta dama ta juya ta kalli inda ya fito. Maɗori ya yi nasa, asibiti suka yi nasu, duk suka haɗu a kan magana ɗaya: idan ya sake faɗuwa a kan gwiwar nan, sanda ce har ƙarshen rayuwa. Baba ya ce to. Wanda ya san Baba ya san “to” ɗinsa ba ya nufin komai.

A lokacin nan ne malaminmu na kimiyya ya ara mini wata ƙaramar kwamfuta. Kada ku zaci irin ta ofis. Allo ɗaya ce tsirara, ba fuska, ba madannai, girmanta bai kai sabulun wanki ba, amma tana tunani fiye da wasu ’yan ajinmu da ba zan faɗi sunansu ba. Na haɗa mata wani ɗan abu mai ido biyu da yake aika sauti ƙasa ya saurari dawowarsa, da haka yake sanin nisan ruwa. Na gwada a duron Mma. Na zuba ruwa, na kwashe, na zuba, na kwashe, har Mma ta ce idan na sake taɓa duron nan ni ma za ta auna zurfina a ciki. Abin ya yi aiki. Na haɗa da ƙaramin faifan sola da batir. Matsala ɗaya ta rage: kwamfutar bebiya ce. Za ta san ruwa ya taso, amma ba ta da bakin gaya wa kowa. Sai an samo mata modem, wato ɗan abin da ake sa wa layin waya a ciki, a jona shi da ita, ya ɗauki maganarta ya kawo Salaga.

Mma ta ɗauki waya ta yi wa yayanta alfahari. Ga shi kuwa yayan nata, Kawu Seidu, mai shagon wayoyi ne a Bawku, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar a ce an sayi abu mai fitila a danginmu ba ta hannunsa ba. Da muka je Bawku sunan jikarsa, ko gajiyar mota ban sauke ba ya ja ni shago. Shagon nasa yana gindin dogon ƙarfen sabis, wurin da ko cokali ka ɗaga sama sai ya kama layi. Ya tara maƙwabta, ya buɗe wani kwali a hankali kamar mai buɗe lefe. Modem ne fari sol, mai fitilu biyar, kowace da launinta. Ya kunna, ya jona wayarsa, ya buɗe wasan ƙwallo.

“Kin gani, Memuna? Ko ƙyaftawa ba ya yi. Mutum ashirin za su hau shi lokaci guda.”

“Kawu, ni saƙo uku kawai nake so a rana. Kuma batir ɗina ƙarami ne. Wuta nawa yake ci?”

“Ji ’yar Salaga! Ana ba ta doki tana tambayar kuɗin ciyawa. Ke dai karɓi.”

Maƙwabta suka yi dariya. Sai Kawu ya sa hannu a aljihu, ya ciro farin goro guda, ya ɗora a kan kwalin. Ku ba ku san nauyin wannan ba tukuna. Mu jikokin fataken goro ne ta wajen uwa da ta wajen uba, kuma a danginmu kyauta iri biyu ce. Akwai wadda ake ba ka kawai, ka ga dama ka ba akuya. Akwai wadda ake ɗora wa goro. Idan ka karɓi wannan, ka yi alkawari ke nan za ka yi amfani da ita a idon mai bayarwa, kuma ba a mayar da ita. Kun san shuɗiyar rigar nan da take matse Baba a hammata? Da goro Kawu ya ba shi ita. Shekara huɗu ke nan yana sa ta kowace Sallah yana numfashi rabi-rabi. Na kalli Mma, Mma ta zare mini ido. Na durƙusa na karɓa.

A hanyar dawowa muka yada zango a Yendi, gidan Goggo Sanatu, ƙanwar Baba. Ita ce mai kula da famfunan sola na rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan da ke kewaye, tana da babur ɗinta, kuma hannunta kullum warin baƙin mai yake yi ko ranar biki. Na nuna mata kyautar. Ta juya ta gaba, ta juya ta baya, ta leƙa gefe kamar mai duba haƙoran rago.

“Ina wurin ɗaura masa eriya?”

“Babu, Goggo.”

“Idan sabis ya ɗauke ya dawo, da kansa yake tashi ko sai an danna masa nan?”

“Ban sani ba.”

“Ni na sani. Wannan ɗan birni ne, ’yata. Kai shi daji ki ga yadda zai yi kukan uwarsa.”

Ta shiga ɗaki ta yi ta haƙa a cikin wani buhu, ta fito da wani baƙin abu mai kama da ƙwaron da mota ta taka. Gefensa ya fashe an naɗe da salatif. Ta ce daga akwatin wani famfo aka cire shi lokacin da aka sauya kaya, shekara da shekaru ya yi a daji shi kaɗai. Ba shi da sauri ko kaɗan, idan ka ce ya buɗe hoto sai ka dafa wake ka sauke bai gama ba. Amma cinsa kaɗan ne, kowane layi ka sa masa yana karɓa, yana da ɗan ƙarfen da ake murɗa wayar eriya, kuma idan sabis ya gudu ba ya fushi, zai yi ta nema har ya dawo.

“Ga shi, ga eriyarsa. Ki lura ban ɗora goro ba. In bai yi ba ki jefa shi a Daka.”

Na sa shi a ƙasan jaka, ƙarƙashin kayan wanki, inda Mma ba za ta so ta kai hannu ba.

Yanzu sai akwatin Madugu. Kun san shi, baƙin akwatin ƙarfen nan na kakan kakanmu wanda ya jagoranci ayarin goro. Lokacin yana ƙarƙashin gadon Kaka, mahaifiyar Baba. A gidanmu an yi imani duk abin da aka sa a cikinsa ba ya ɓata, wai ya yi ta zirga-zirga tsakanin Salaga da Kano ko allura ba a rasa ba. Da Baba ya ji za a bar kayan makaranta a daji, ga ɓeraye, ga gara, ga masu dogon hannu, sai ya ce sharaɗinsa ɗaya: a cikin akwatin Madugu za a kulle su.

“Baba, ƙarfe ne fa. Sabis ba ya ratsa ƙarfe.”

“Ke, albarkar da ta ratsa dajin Borgu ce za ta kasa ratsa murfi?”

Muka ɗora akwati a bayan aboboya, keken ɗaukar kayan nan mai ƙafa uku da yake kai masu haƙar doya kullum, Baba yana zaune a kan kujera ya miƙe ƙafa kamar mai jiran a gaishe shi. A gona akwai wata kaɗanya da ta sunkuya kan ruwa. A nan muka ɗaure akwatin can sama, idon awo yana rataye yana kallon kogi, faifan sola yana kallon rana.

Ina so ku rubuta wannan a zuciyarku, don shi ne abin da mutanen Bawku suke tsallakewa: na ba modem ɗin Kawu haƙƙinsa. Kwana goma sha biyu ina bin masu haƙa, ina hawa kaɗanya, tururuwa suna cin rabonsu a ƙafata. A cikin akwati ko tari bai yi ba. Na fito da shi na ƙulle a leda na rataye a reshe mafi tsawo, ya kama sabis sanda ɗaya, siririya kamar gashin jariri. Amma duk lokacin da ya yunƙura zai yi magana sai ya zuƙe wutar gaba ɗaya, kwamfuta ta suma. Ta farfaɗo, ya sake zuƙewa, ta sake suma. Kafin la’asar batir ya mutu, fitilu biyar ɗin nan sun sha shi kamar koko. Na rufe fitilun da salatif, na sauya waya, na sauya layi, har addu’a na tofa masa. Ranar da ya yi kirki ya aika saƙon gwaji guda, sai gajimare ya wuce, sabis ya ɗauke, ya kwanta barci. Ba ya tashi sai an danna masa maɓalli. To wa zai danna bayan an gama haƙa? Biri?

Rana ta goma sha uku na ciro baƙin ƙwaron Goggo. Sai dai wayar eriya tana buƙatar hanyar fita daga akwati, ni kuma ko a mafarki ba zan huda kayan Madugu ba, ina son raina. Na kai ƙara wurin Kaka, don ita ce kaɗai a gidan da nake iya gaya wa laifi tun kafin in aikata.

“Ƙawata, ke da karatunki ba ki da ido?” in ji ta. “Duba bayansa ta ƙasa, akwai tsumma a cushe. Ramin sarƙa ne, da ita ake ɗaure shi a jikin jaki. Madugu ya huda miki tun kafin a haifi uban ubanki.”

Haka kuwa aka yi. Na zare tsumman, na zura waya, na ɗaure eriya a kan doguwar gora, na ɗaure gorar a ƙololuwar kaɗanya. Na rufe akwati na danna kwaɗo. A gona wayar Baba ba ta da sabis, don haka ba mu san komai ba sai da muka hau tudun da ake hango Salaga. Nan wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya nisanta ta da fuskarsa, ya karanta a fili:

“‘Baba, ruwa yana nesa. Zauna.’ Wa ya koya wa akwatin kakana rashin kunya?”

Ni na rubuta kalmomin, kuma ban yi nadama ba. Saƙo biyu kawai na koya wa kwamfutar. Ɗayan shi ne wannan. Ɗayan ban gaya wa kowa ba.

Farin cikin bai kai mako ba. Kawu ya bugo ya ce yana nan tafe Salaga sayen doya, kuma zai je gonar da kansa ya ɗauki hoton modem ɗinsa yana aiki a daji. Ya riga ya gaya wa manoman albasa na bakin kogi a wajen Bawku, suna ta tambaya, yana shirin yin odar kwali guda ya sayar musu. Mma ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa.

“Memuna, rana ɗaya ce. Ki rataye nasa a kan bishiya, ya kunna fitilunsa, ya ɗauki hotonsa ya tafi. Me zai ragu a jikinki?”

“Mma, masu albasar fa? Su wa zai rataye musu?”

“Masu albasa danginki ne? Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Shi ya aurar da ni. Kina so in kalle shi da wane ido?”

Baba ya ji mu daga waje. Ya shigo yana ɗingishi, ya ce ba za a yi wa yayan matarsa wasan kwaikwayo a gonarsa ba. Na fara murna, ashe ban bari ya gama ba. Ya ce tunda an karɓi goro, a cika alkawari da gaske. A cire na Goggo, a mayar da na Kawu, ya yi aiki ko kada ya yi. Damina saura wata biyu, shi zai ci gaba da zuwa duba ruwa kamar yadda ya saba. Ya miƙa hannu ya zaro makullin babur daga ƙusar da yake rataye, ya sa a aljihu. Da zai juya sai gwiwar ta ƙi, ya dafa bango, ya tsaya yana yi kamar yana duba fenti. Ni na ga fuskarsa. Ku ba ku gani ba, Mma ma ba ta gani ba, tana share hawaye. A nan na yanke shawara, kuma ba wanda na nemi izininsa.

Kawu ya iso ranar Asabar. Mma ta daka sakwara da sabuwar doya irin pona, miya har da kan rago. Aka ci, aka wanke hannu, aka baje a tsakar gida, maƙwabta biyu sun shigo gaisuwa, Kaka tana kan tabarmarta. Na shiga ɗaki na ɗauko kwalin. Goron yana kai. Tun daga Bawku nake naɗe shi a ɗanyen ganye ina yayyafa masa ruwa yadda Kaka ta koya mini, yana nan fari tas kamar ranar da aka ba ni. Mai niyyar raini ba ya yi wa goro wannan hidima, ku gaya wa duk wanda ya tambaye ku. Na durƙusa a gaban Kawu na miƙa.

“Mene ne wannan?”

“Kawu, modem ɗinka ne. Na gode ƙwarai. Yana da kyau, amma ba ya aiki a gonarmu.”

Kawu ya karkato kunnensa.

“Ban ji ba. Maimaita.”

“Memuna, tashi ki shiga ciki,” in ji Baba.

Ban tashi ba. Bakina bai san tsoro ba, haka aka halicce shi. Na gaya wa Kawu kwana goma sha biyun nan ɗaya bayan ɗaya: batir, suma, maɓalli, har birin ban bari ba. Na ce idan aka mayar da nasa, Baba zai koma kan babur, kuma likita ya riga ya faɗi abin da zai biyo baya.

“To da me kika maye gurbinsa?”

“Da wani tsoho da Goggo Sanatu ta ba ni.”

“Na bola? Kin ajiye sabon kaya na kwali, kin ɗauki na bola, kin kuma dawo mini da gorona a gaban mutane? Ni Seidu, da nake sayar da waya tun ba a yi auren uwarki ba?”

“Kawu, a gindin ƙarfen sabis kake gwadawa. Idan ka sayar wa masu albasa, su ma za su dawo maka da shi, kuma su ba za su durƙusa ba.”

Mma ta ce “Innalillahi” da ƙarfin da aka ji a unguwa uku. An sha gaya mini wannan jimlar ta ƙarshe ba ta da amfani. Na yi tunani a kanta shekara biyu, kuma har yau ban janye ta ba. Kawu ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ɗauki kwalin. Goron ya gangaro kan tabarma, bai waiwaye shi ba. Ya yi wa Kaka sallama, ya yi wa Baba, ya wuce Mma, ya fita. Ko doyar bai saya ba. Ba wanda ya motsa sai Kaka. Ta miƙa hannu ta ɗauki goron, ta ɓare, ta jefa rabi a baki.

“Wanda ya adana goron nan ya san aikinsa,” in ji ta.

Kwana tara Mma ba ta kira sunana ba. Idan tana so in yi abu sai ta gaya wa Fuseina, “Ce wa waccan ta kwashe shara,” ke kuma ki zo ki faɗa mini har da riƙe ƙugu, kada ki ce kin manta. Baba bai dake ni ba, bai yi faɗa ba, wanda ya fi duka ciwo. Ya mayar da makulli kan ƙusa, ya ce tunda na riga na fasa abin da na fasa, a bar ƙwaron Goggo a wurin. Amma ranar da saƙo ɗaya ya kasa zuwa, ranar zai hau babur, kuma kada in buɗe baki. Saƙo uku a rana: da hantsi, da azahar, da la’asar. Ku lissafa sau nawa zuciyata take tsayawa. Na rame har inuwata ta fara wuce ni ba ta gane ni ba. Sau biyu saƙon azahar ya makara, Baba har ya sa takalmi, sai wayar ta yi ƙara: “Zauna.” Ya zauna yana harara ta kamar ni ce na danna daga ɗaki.

Ranar da abin ya faru kwana huɗu ke nan ba a yi ko yayyafi a Salaga ba. Sama fes, rana tana dukan kwano. Baba yana shan koko da ƙosai a zaure, wayarsa ta yi ƙara ba a lokacinta ba. Ya duba, ya sake dubawa, ya kira ni.

“‘Baba, tashi.’ Me ke nan kuma?”

“Ruwa ya taso, Baba. Ya wuce alamar da na sa.”

“Da wannan ranar? Abinki ya haukace. Ƙila kada ne ya kwanta a ƙarƙashinsa.”

Kafin ya rufe baki wani ya shigo: “Tashi.” Na koya wa kwamfutar idan ruwa yana hawa kada ta yi shiru, ta yi ta maimaitawa. Na karɓi wayar na kira Goggo, don Daka ta wajen Yendi yake gangarowa.

“Yaya, kana zaune?” ta yi ihu har ba sai an sa a kunne ba. “Kwana biyu ana zuba ruwa a nan! Ina tsaye a ciki har ƙauri. Duk yana hanya, yana zuwa gaishe ka!”

Baba yana ta juya wayar a hannu. Kaka ce ta gama maganar daga bakin ƙofarta. Ta ce akwatin Madugu bai taɓa yi wa gidan nan ƙarya ba, kuma ba a kansa zai fara ba. Kun ji fa. Ni na hau bishiya, ni tururuwa suka ci, amma akwati ne mai gaskiya. Ban yi gardama ba, don ya yi aiki. Kafin azahar mun samo tarakta da aboboya biyu da maƙwabta takwas. Da muka isa, ruwa ya riga ya shiga ciyawar da ke gaban rumfa, shiru, ja, yana tafe kamar yana da takardar wurin. Muka yi layi muna miƙa doya hannu zuwa hannu. Mma ta ɗaure zane a ƙugu ta shiga layin, kuma a nan ne ta manta tana fushi ta ce, “Memuna, kama!” Baba ya so ya sauko daga tirelar tarakta, mutum uku suka ce masa “Zauna” a tare, har direba. Da la’asar ruwa ya kai gindin rumfa. Jerin doyar da ke ƙasa ya tafi, ƙananan doya ne da waɗanda fartanya ta sara, na ga suna iyo suna yi mana bankwana. Sauran duk suka kwana a Salaga. Akwatin yana can saman kaɗanya, ruwa yana wucewa a ƙarƙashinsa, yana ta aiko wa Baba “Tashi” har kwana shida, sai da Baba ya roƙe ni in koya masa wata magana.

Makullin babur yana nan a kan ƙusa, ku je ku duba, gizo-gizo ya yi gida a kansa. Baba yana tafiya masallaci da ƙafarsa ba sanda. Abin da na saya ke nan, kuma ga abin da na biya. Shekara biyu ba a gayyace ni Bawku ba, ko biki ko suna. Mma tana zuwa ita kaɗai, ta dawo idonta ja. Kowace Juma’a bayan an sauko nakan kira Kawu in gaishe shi, don ba wanda zai ce ban da tarbiyya. Yakan ɗauka, ya ji muryata, ya miƙa wa matarsa. Na san lafiyar matar nan fiye da likitanta.

Watan jiya kogi ya taso a wajen Bawku ba zato, ya tafi da injin ban-ruwan da Kawu ya ajiye a gonarsa ta albasa. Bayan kwana uku Mma ta zo ta zauna a bakin gadona tana gyara zanin gado da ba abin da ya same shi.

“Kawunki yana tambaya… wai wani abokinsa ne yake so ya san sunan abin nan naki. Rubuta mini a takarda in karanta masa.”

“Mma, ki ce wa abokin nasa ina kira kowace Juma’a.”

“Memuna, kanki ya fi dutsen niƙa tauri.”

“A wajenku na gado.”

Juma’a ta zo. Na kira. Aka ɗauka.

“Kawu, ina wuni?”

Ina jin ƙarar kasuwar Bawku a bayansa, ina jiran muryar matarsa.

“Lafiya,” in ji shi. Ya gyara murya. “Wancan baƙin abin, mai salatif. A ina ake samun irinsa?”

“Ba zan iya faɗa ba, Kawu, sai na ga gonar. Sai na hau bishiyarta na ga wane layi yake kamawa. Ba a zaɓar modem a shago.”

Mma tana gefe ta rufe fuska da mayafi. Sai Kawu ya ce:

“Mota tana tashi daga Yendi ranar Litinin. Ki zo da ’yar kwamfutar taki. Idan kin iso akwai wata sabuwar waya da na ajiye miki…”

“Na gode, Kawu. Amma ban da goro.”

Wani sauti ya fito daga wayar kafin ya kashe. Mma ta rantse tari ne. Ni na ce dariya ce, kuma ni ce mai rubuta littafin.